Katangar Tsaro da Tsutsar Kwamfuta: Nasiha ga Ƙannena na Ribah



Kwamfuta ta daina zama kayan ofis kaɗai a ƙasar Zuru. Mai shirin rubuta JAMB yana aron ta yayansa ya yi gwaji, tunda tun 2015 jarrabawar ta koma kan kwamfuta ɗungurungum. Ɗalibar da ta samu gurbi a Jami'ar Noma ta Tarayya da ke Zuru tana buga aikinta a laftof ɗin gwanjo da aka sayo mata daga Kano. Wani kuma ya kama shago, ya sa sola, yana buga katin ɗaurin aure yana cike wa mutane fom. A cikin kowace ɗaya daga waɗannan kwamfutoci akwai katangar tsaro, manhajar da Windows ke zuwa da ita mai suna Windows Defender Firewall. Wasunku ba su ma san tana ciki ba. Wasu sun sani, sun miƙe ƙafa sun ce ai an gama da maganar tsaro. Wasu kuwa an kashe musu ita tun ranar da aka yi musu gyara.

To, shin katangar nan tana iya hana tsutsar kwamfuta shiga? Tana iyawa, ta kuma sha yi. Sai dai aikinta yana da iyaka, kuma hanyar da tsutsa ta fi biyowa ta shigo mana a nan, katangar ba ta ganinta ko kaɗan. Wanda ya san iyakar nan shi ne zai ci moriyarta.

Yadda tsutsa ke shiga

Mun saba kiran kowace cutar kwamfuta bairus, amma akwai bambanci. Bairus yana maƙalewa ne a jikin wani fayil, ya jira a buɗe. Tsutsa ba ta jira. Da ta samu kwamfuta ɗaya sai ta shiga lalube da kanta, tana neman ta biyu da ta uku, ko ana kallo ko ana barci. Wadda ta fara girgiza duniya ita ce ta Robert Tappan Morris, ɗalibi a Jami'ar Cornell ta Amurka, wanda ya sake ta ranar 2 ga Nuwamba, 1988. An ƙiyasta ta kama kwamfuta 6,000, a lokacin da duk kwamfutocin intanet ba su wuce kimanin 60,000 ba.

Ku ɗauki kwamfutarku kamar gida mai ƙofofi 65,536, kowace da lambarta. Wata ƙofar ta shafukan intanet ce, wata ta saƙon imel, wata ta musayar fayil da firinta. Bayan wasu ƙofofin akwai manhaja zaune tana sauraron sallama. Idan masu rubuta manhajar sun bar kuskure a cikinta, tsutsa za ta aiko da saƙon da aka ƙera musamman don ya ruɗa ta, sai ta buɗe ba ta san ta buɗe ba. Katangar tsaro ita ce ta kewaye gidan ta bar zaure ɗaya da maigadi, kuma dokar maigadin mai sauƙi ce: wanda mai gida ya aika a kira masa, ya shigo; wanda ya zo babu gayyata, ko amsa sallamarsa ba za a yi ba. Idan kun buɗe shafin duba sakamakon NECO, ku kuka fara magana, don haka amsar shafin tana wucewa. Idan wata kwamfuta daga wata uwa duniya ta ƙwanƙwasa ƙofa ta 445, sai ta ji shiru.

Ranakun da katanga ta yi rana

Wanda ya yi amfani da Windows XP a 2003 ba zai manta da Blaster ba. Ta ɓulla ranar 11 ga Agusta. Mutum yana zaune yana buga wasiƙa, bai buɗe saƙon kowa ba, bai sauko da komai ba, sai wani ɗan akwati ya faɗo tsakiyar allo yana sanar da shi cewa kwamfutar za ta kashe kanta nan da daƙiƙa 60, ga lambobi suna raguwa a gaban idonsa. Ta mutu. Ya kunna, ya sake hawa intanet, akwatin ya dawo. Ta ƙofa ta 135 tsutsar ke shigowa. Abin takaicin, Windows XP yana da katanga a cikinsa tun farko, amma a kashe take zuwa, sai mai kwamfuta ya nemo ta ya kunna. Waɗanda suka kunna tasu, Blaster ta ƙwanƙwasa ta wuce.

A ƙarshen Afrilun 2004 wata ta biyo baya mai suna Sasser, wadda wani matashi ɗan Jamus, Sven Jaschan, ya rubuta. Ita kuma ta ƙofa ta 445 ta bi. A watan Agustan shekarar kamfanin Microsoft ya fitar da babban gyaran da ya kira Service Pack 2, wanda ya sa katangar ta riƙa zuwa a kunne. Daga nan irin wannan tsutsa mai ƙwanƙwasa ƙofa daga waje ta yi sanyi ƙwarai a kwamfutocin gida.

Bayan shekara 13 aka sake ganin amfanin darasin. Ranar 12 ga Mayu, 2017, WannaCry ta bazu, ita ma ta ƙofa ta 445, ta kama kwamfuta sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150. Tana kulle fayilolin mutum ta ce sai ya biya dala 300 da kuɗin Bitcoin. A Ingila ta shiga asibitocin gwamnati, har aka soke ganin likita da aikin tiyata kimanin 19,000. Da hukumar binciken kuɗin gwamnati ta Birtaniya ta fitar da rahotonta a watan Oktoban shekarar, ta nuna cewa wuraren da aka kama duk suna amfani da Windows ɗin da ba a sabunta ba ko wanda aka daina kula da shi, kuma da an kula da katangun da ke fuskantar intanet yadda ya kamata, da tsutsar ba ta shiga ba.

Saboda haka duk wanda ya ce muku katangar nan ado ce, ko tana sa kwamfuta nauyi, ku yi masa uzuri, bai san tarihin ba.

Akwai ma wani rufin asiri da yawancinmu ke samu ba tare da mun sani ba. Tunda da datar waya muke hawa intanet, galibi kwamfutar tana ɓoye ne bayan wayar, wayar kuma bayan na'urorin kamfanin sadarwa, inda mutane da yawa ke tarayya a adireshi ɗaya. Mai ƙwanƙwasawa daga nesa da wuya ya iso. Shi ya sa haɗarin da ke kanmu a Ribah ya fi zuwa daga kusa.

Da ɗan gari akan ci gari

Hanya ta farko da tsutsa ke kauce wa katanga ita ce filash da memori. Ka kai filash shago a buga maka takardar rajista, ko ka kai memori wajen masu tura finafinai. Ka dawo gida ka soka a laftof. Foldojinka suna nan da sunayensu, amma in ka ƙura ido za ka ga kowace da wata 'yar kibiya a kusurwar ƙasa, girmanta kuma bai wuce kilobait 1 ko 2 ba, alhali ka san hotunan bikin yayarka kaɗai sun fi haka nesa ba kusa ba. Ka danna wadda aka rubuta wa "Aikin Makaranta". Ta buɗe kuwa, takardunka suna ciki, hankalinka ya kwanta. Abin da ba ka gani ba shi ne, tsutsa ta ɓoye foldojin gaskiya ta ajiye na bogi a madadinsu, kuma dannawar nan da ka yi ita ta tashe ta. Daga ranar duk filash ɗin da ya shiga kwamfutarka da ita zai fita. Katanga ba ta ce uffan ba, don ita hanyar sadarwa take gadi, ramin filash ba huruminta ba ne.

Kada ku ɗauka wannan matsalar ƙauye ce. Conficker, wadda ta ɓulla a Nuwamban 2008 ta kama miliyoyin kwamfutoci, da farko ta hanyar sadarwa take yaɗuwa, daga baya masu ita suka ƙara mata dabarar bin filash da cankar kalmar sirri mai rauni. Stuxnet da aka gano a 2010 ta isa tashar nukiliya ta Natanz a Iran, wurin da aka raba kwamfutocinsa da intanet gaba ɗaya, kuma an ƙera ta ne ta yadda filash zai iya tsallakar da ita. Idan filash zai iya kai cuta irin wannan wuri, ina ga laftof ɗin da ke yawo daga hannu zuwa hannu a ɗakin kwanan ɗalibai?

Hanya ta biyu ita ce abin da kuka jawo da hannunku. Na sha tsayawa a shagon gyara, a nan gida da kuma birni, ina kallon yadda ake saka wa yaro manhajar sata, wadda aka fasa don a kauce wa biyan kuɗi. Mai gyara zai danna, kwamfuta ta yi gargaɗi, ya ja tsaki ya ce, "Bari in kashe tsaron nan, shi ke hana ta shiga." Ya kashe katanga, ya kashe riga-kafin bairus, manhaja ta shiga, yaro ya biya ya yi godiya ya tafi. Ba a sake kunna komai ba. Wanda ya fasa manhajar nan ya baza ta kyauta a intanet, me zai ci? Sau da yawa abin da ya cusa a ciki shi ne ribarsa. Ko da katangar tana kunne ma, tunda ku kuka nemi a sauko da abin, a wurinta baƙon da aka gayyata ne. Ga kuma wani abu: yadda Windows ke zuwa da ita, katangar shigowa take tacewa, fita kuwa a buɗe take. Abin da ya riga ya shiga yana iya aika kalmomin sirrinku waje ba tare da an tare shi ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Hanya ta uku ita ce ƙofar da kuka buɗe da kanku. Windows yana raba hanyoyin sadarwa gida-gida: ta jama'a, wadda yake rubuta wa Public, da ta amintattu, wadda yake rubuta wa Private. A ta jama'a yana ɓoye kwamfutar ya rufe musayar fayil. A ta amintattu, idan kun kunna musayar fayil da firinta, ƙofa ta 445 a buɗe take ga duk wanda ke kan Wi-Fi ɗaya da ku. A ɗakin kwamfuta na makaranta ko shago mai kwamfuta biyar da firinta ɗaya, in guda ta kamu, sauran suna cikin haɗari. Haka nan ɗan akwatin da ke fitowa yana tambaya ko a bar wata manhaja ta ratsa katanga: yawancinmu maɓallin yarda muke dannawa don ya ba mu wuri. Kowace dannawa ƙofa ce sabuwa.

Hanya ta huɗu ita ce katangar kanta, don ita ma manhaja ce, mutum ne ya rubuta ta. A watan Maris na 2004 tsutsar Witty ta fito, kuma ba kowa take nema ba sai masu amfani da kayan tsaron kamfanin ISS, ciki har da katangar BlackICE da mutane suka saya da kuɗinsu. Ta wani kuskure a cikin katangar ta shiga, ta kama kwamfuta kimanin 12,000 cikin minti 45, tana lalata abin da ke cikin ma'ajiyarsu, wato hadis, kaɗan-kaɗan. Ranar, waɗanda suka fi kowa taka-tsantsan su aka ci.

Sai bango ya tsage

In kun lura da tsutsotsin da na ambata, akwai abu ɗaya da ke maimaita kansa. Facin da ke toshe kafar Blaster ya fito ranar 16 ga Yuli, 2003, kusan wata guda kafin ta ɓulla. Na Sasser ya fito ranar 13 ga Afrilu, 2004. Na Conficker ya fito ranar 23 ga Oktoba, 2008. Na WannaCry ya fito ranar 14 ga Maris, 2017, kusan wata biyu kafin ta zo. Wata kuma mai suna Slammer, wadda ta kama kwamfuta kimanin 75,000 cikin minti 10 a ranar 25 ga Janairu, 2003, facinta ya yi wata shida yana jiran mai ɗauka. Magani yana ƙasa, mutane ne ba su sha ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na san abin da za ku ce: sabuntawa tana cinye data, data kuma kuɗi ce. Gaskiya ne. Amma Microsoft a Talata ta biyu ta kowane wata yake fitar da facin tsaro, ba kullum ba. Ku ware dare ɗaya a wata, ku sayi datar dare mai rangwame, ku tabbatar batir ya cika, ku bar ta ta gama. Kuɗin nan bai kai na sake buga aikin zango guda da ya salwanta ba.

Babbar damuwata ita ce kwamfutocin gwanjo masu tsohon Windows. An daina fitar wa Windows XP faci ranar 8 ga Afrilu, 2014, Windows 7 kuma ranar 14 ga Janairu, 2020. Windows 10 ma wa'adin kulawarsa ta yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025. Duk kafar da aka gano a irin waɗannan bayan an janye kulawa, galibi haka nan za ta zauna a buɗe. Ku tuna kuma mafi yawan kwamfutocin da WannaCry ta kama masu Windows 7 ne. Kafin ku biya kuɗin laftof, ku tambayi mai sayarwa ko za ta ɗauki Windows 11. Idan wadda ke hannunku ba za ta ɗauka ba, akwai Linux Mint da Ubuntu, kyauta ne, halal ne, ana sabunta su, kuma suna tafiya a tsohuwar na'ura.

Abin da ya ceci Maersk

Akwai ranar da duk wata dabara za ta iya gazawa. Ranar 27 ga Yuni, 2017, NotPetya ta tashi daga ƙasar Yukiren, a ɓoye cikin sabuntawar wata manhajar lissafin haraji mai suna M.E.Doc, wato ta hanyar da kowa ya yarda da ita. Ta shiga kamfanin jiragen ruwa na Maersk, uwar kamfanin da ke gudanar da tashar kwantena a Apapa. Shugaban kamfanin ya faɗa daga baya cewa sai da suka sake saka manhaja a kwamfuta 45,000 da manyan na'urorin ajiya 4,000 cikin kwana 10. Kamar yadda ɗan jarida Andy Greenberg ya ruwaito a mujallar Wired a 2018, na'urorin da ke riƙe da rajistar hanyar sadarwar kamfanin duk sun goge, sai guda ɗaya tak a ofishinsu na Gana. Abin da ya tsirar da ita, an ɗauke wuta kafin harin, tana kashe lokacin da tsutsar ke yawo. Aka ɗauko bayananta aka biyo da su ta Nijeriya zuwa Ingila.

Kamfanin da ke da ƙwararrun ma'aikata da katangu masu tsada, kwafin da ba ya jone da komai ne ya fishe shi. Su sa'a ce ta ba su. Ku kuwa kuna iya yin naku da gangan.

Abin da nake so ku riƙe

Ku buɗe Windows Security yau, ku shiga sashen katanga, ku tabbatar tana kunne a duka hanyoyin da aka jera. Wadda ta zo da Windows ta isa, ba sai kun nemo wata ta sata kun ɗora ba. Duk Wi-Fi ɗin da ba na gidanku ba, ku bar shi a Public. Idan akwati ya fito yana neman izini ga manhajar da ba ku sani ba, ku ƙi.

Idan za ku kai takarda a buga, ku mayar da ita PDF ku tura wa mai shago ta WhatsApp ko imel, filash ɗinku ya zauna a aljihu. In ya zama dole ya shiga kwamfutar wani, da kun dawo ku sa riga-kafin bairus ya bincike shi kafin ku buɗe komai. Kuka ga 'yar kibiyar nan a kan folda, kada ku danna.

Idan kwamfuta ta dawo daga wurin gyara, kada ku bar shagon sai kun ga an mayar da duk tsaron da aka kashe. Ba rashin kunya ba ne ku ce, "Malam, don Allah a kunna a gabana."

Ku samu filash ko hadis ɗaya na musamman, ku kwafe takardun shaidarku da aikin makaranta da hotunan iyali a ciki, ku cire shi, ku adana a akwati. Ba a ara, ba a kai shi shago.

Ku masu shaguna, nauyinku ya fi na kowa. Kwamfutarku ita ce mahaɗar filash ɗin gari, kuma a cikinta akwai hotunan fasfo da lambobin NIN da sakamakon jarrabawar 'ya'yan mutane. Amana ce aka bar muku. Ku riƙa sabunta ta, ku bincike kowane filash kafin a buɗe, ku goge takardun mutane in aiki ya ƙare. Mai shagon da aka san filash yana fitowa daga wurinsa lafiya, kasuwarsa ma sai ta fi.

Wanda ya fahimci wannan a cikinku ya zaunar da ƙaninsa ko abokiyar karatunta ya nuna musu, don tsutsa ba ta kama mutum ɗaya ta tsaya, kuma lafiyar kwamfutarka tana rataye da ta wanda kuke musayar fayil da shi. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku ilimi mai amfani, Ya tsare muku abin da kuka wahala kuka tara.